Daga Dandali Zuwa Filin Makaranta: Tarihin Renon Ƙwallon Yara a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Nijeriya ta ci Kofin Duniya na ƙananan matasa har sau biyar, watau a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da kuma 2015. Wanda ya dubi wannan lissafi zai zaci akwai wani tsayayyen tsari wanda yake ɗaukar yaro tun daga ƙauyensu, ya rene shi mataki-mataki har ya kai shi ƙungiyar ƙasa. Manufar wannan maƙala ita ce a auna wannan zato da tarihin yanki guda na karkara, watau ƙasar Birnin Kudu da Gwaram a kudancin Jihar Jigawa. Za a nuna cewa abubuwa biyu ne suka riƙe wasan yara a irin wannan wuri: ƙaramin fage wanda yara suka tsara wa kansu, da kuma wani babba na kusa wanda ya san wasan, ya kuma san yaran. Na farkon yana nan har yau. Na biyun ne ya yi rauni, kuma rauninsa ne ya sa yaran karkara suka kasa samun hanyar da za ta kai su gaba.

Ƙasar da Wasanninta Kafin Zuwan Ƙwallo

Birnin Kudu tsohon gari ne, yana kudu maso gabas da Kano da tazarar da ta wuce kilomita ɗari. An san shi da zane-zanen mutanen dā da ke jikin duwatsunsa, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da kuma duwatsu masu amo waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Gwaram kuwa tana gaba, a kan iyaka da ƙasar Bauchi. A zamanin En'e dukkansu gundumomi ne na ƙasar Kano, kowace da hakiminta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Birnin Kudu mutum sama da 300,000, ta ba Gwaram sama da 270,000. Mafi yawan jama'ar manoma ne da makiyaya, suna zaune a garuruwa da ƙauyuka da ke warwatse, kamar Kantoga da Sundimina da Wurno da Babaldu a ɓangaren Birnin Kudu, da Sara da Fagam da Basirka da Kila a ɓangaren Gwaram.

A irin wannan ƙasa, kamar sauran karkarar Hausa, aikin gona ne yake yanka wa wasa lokaci. Da damina yaro yana gona ko wajen kiwo. In kaka ta yi, amfani ya zo gida, sai dandali ya cika, a shiga kokawa da langa da sauran wasannin farin wata. Akwai abubuwa uku a tsarin waɗannan wasanni da ya kamata a lura da su, domin za a sake komowa kansu. Na farko, fagen ƙarami ne, 'yan wasan kuma ba su da yawa. A langa, alal misali, ɓangarori biyu ne na yara kaɗan, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, ana kare wanda ake kira ruwa har ya kai inda aka yi alama, kuma babu wanda yake tsaye yana jiran wasa ya zo gare shi. Na biyu, ana haɗa tsara da tsara. A kokawa ba a haɗa yaro da ƙato, kuma ba a bukatar takarda kafin a san shekarun kowa, domin gari ya san waɗanda aka haifa damina ɗaya da waɗanda aka yi wa kaciya tare. Na uku, akwai mai lura: sarkin samari, ko tsohon ɗan kokawa da ya ajiye, wanda yake raba gardama, yake kuma nuna wa yaro yadda ake kamu.

Shigowar Ƙwallo ta Hanyar Makaranta

Wasan ƙwallon ƙafa ya shigo Nijeriya ta bakin teku. Wasa na farko da aka rubuta labarinsa an yi shi a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai ma'aikatan jirgin ƙasa da akawunan kamfanoni da soja suka zo da wasan, ya zauna a Sabon Gari da barikoki. Amma hanyar da ta kai shi ga 'ya'yan Hausawa ita ce makaranta. Bayan makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, an kafa Kwalejin Katsina a 1921 musamman domin horar da malamai, kuma Turawan da suka gudanar da ita sun ɗauki wasannin yamma a matsayin wani sashe na tarbiyya. Malaman da suka fito daga can su ne aka rarraba a makarantun midil da elementare na larduna, kowa ya tafi da abin da aka koya masa a aji da wanda aka koya masa a fili.

Birnin Kudu ta samu rabo babba a wannan tsari, domin bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kafa mata makarantar kwana, wadda ta girma ta zama Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, inda ɗalibai suka riƙa zuwa daga sassa dabam-dabam na Lardin Kano. Alhaji Aliko Ɗangote yana cikin sanannun tsofaffin ɗalibanta. Tsarin makarantun kwana na wancan zamani iri ɗaya ne: ana raba ɗalibai gida-gida, akwai malamin wasanni, fita fili da la'asar dole ne, kuma gidajen suna karawa da juna a cikin shekara. Ke nan yaron da ya shiga irin wannan makaranta yana samun shekaru yana wasa a ƙarƙashin idon malami guda wanda yake riƙe da rajistar ajinsa.

Daga nan aka samu ƙwallo iri biyu a gari guda. Akwai na filin makaranta, mai mutum goma sha ɗaya-goma sha ɗaya, da layin farar ƙasa da usur. Akwai kuma na lungu da bayan gari, wanda yaran da suka leƙa filin makaranta suka kwaikwaya da abin da ya sawwaƙa: a dunƙule tsumma a ɗaure, a aje duwatsu biyu ko takalma a matsayin raga, a raba uku-uku ko huɗu-huɗu, wanda aka ci ya fita wasu su shigo. Wannan na biyun ya ɗauki siffar wasan dandali ne sak, sai dai ya rasa mai lura, domin dattawan dandali ba su san sabon wasan ba, malamin da ya san shi kuma yana cikin shingen makaranta.

Harshe ma ya nuna yadda wasan ya zama ɗan gida. An ari wasu kalmomi, kamar gola da fanareti da kwana da koci, amma mafi yawan kalmomin na gida ne aka faɗaɗa ma'anarsu. Ƙwallo sunan abin da ke cikin goruba ko mangwaro ne tun asali. An ce raga, an ce mai tsaron gida, an ce satar gida, an ce alƙalin wasa. Wanda ya wuce abokin karawarsa da dabara an ce ya yanke shi, in an tashi babu wanda ya yi rinjaye an ce an yi kunnen doki, kalmar ci kuma ita ce dai wadda ake amfani da ita a dara. Ƙananan ƙungiyoyin unguwa su ne ake kira 'yan dagaji.

Zamanin Kofuna

A matakin ƙasa, tarihin ya bi ta kan kofuna. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, kuma ƙungiyoyin Ikko ne suka riƙa cinye shi har 1953, shekarar da ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Ikko da ci biyu da ɗaya ta kawo kofin Arewa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, abubuwa suka biyo juna: gasar rukuni ta ƙasa a 1972, Bikin Wasanni na Ƙasa a 1973, sa'an nan Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa a Ikko, wadda aka ɗora wa aikin horar da masu koyar da wasa. Raccah Rovers ta Kano ta zama zakarar ƙasa a 1978. A ɓangaren yara kuma, ƙungiyar YSFON ta riƙa shirya gasa, cikinsu har da Kofin Ramat da ake yi a Kano domin tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976.

A shekarar 1976 ɗin ne aka yi abubuwa biyu da suka shafi karkara kai tsaye. An yi gyaran tsarin ƙananan hukumomi, aka kuma ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Makarantun firamare suka yaɗu har ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba, kusan kowace da filinta. Malamin da ya fito daga kwalejin horon malamai an koya masa darasin motsa jiki tare da sauran darussa. Wannan ita ce dama mafi girma da aka taɓa samu ta a kai malamin wasa kusa da kowane yaro. Sai dai yawan yaran da suka shigo ya fi ƙarfin malaman da ake da su, har aka riƙa ɗaukar waɗanda ba su gama samun horo ba, kuma inda malami ɗaya yake fama da aji cike maƙil, darasin fili ne yake fara faɗuwa.

Da Nijeriya ta doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema a ƙasar Sin a 1985, a ƙarƙashin mai horarwa Sebastian Brodrick, sai hankalin hukumomi ya ƙara karkata ga cin kofi. A nan ya kamata a bambance tsakanin zaɓe da reno. Gasar cin kofi zaɓe take yi: a tara waɗanda suka riga suka iya, a sa su a sansani na 'yan makonni, a tafi a dawo a sallame su. Reno kuwa aikin shekaru ne, kuma yawancinsa ba ya fitowa a jarida. Bugu da ƙari, in aka ce kofi ne ma'aunin komai, to jarabar sa babba a cikin yara takan yi ƙarfi. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓanin da aka samu a ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku. Daga 2009 aka fara auna ƙashin wuyan hannu da na'urar asibiti domin tantance shekaru, kuma a 2016 'yan wasa fiye da ashirin na ƙungiyar 'yan ƙasa da sha bakwai suka faɗi wannan gwaji, daga bisani Jamhuriyar Nijar ta fitar da Nijeriya a wasan share fage. Duk gurbin da babba ya shiga da ƙaryar shekaru, na wani yaro ne na gaskiya, kuma yaron ƙauye wanda ba shi da mai tsaya masa shi ne ya fi saurin rasa nasa.

Bayan Ƙirƙiro Jihar Jigawa

Matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya taɓa makarantun gwamnati ƙwarai, kuma kayan wasa suna cikin abubuwan da aka fara daina saye. Kwalejojin horon malamai na mataki na biyu su ma a hankali aka rufe su ko aka mayar da su wasu makarantu. Ana cikin wannan hali aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, mai hedkwata a Dutse. Shekara guda kafin haka an haɗa ƙungiyoyi uku na birnin Kano aka kafa Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Manyan filaye da gogaggun masu horarwa duk sun zauna a Kano, sabuwar jiha kuwa ta fara daga tushe. Ta kafa tata ƙungiyar, Jigawa Golden Stars, wadda ta hau rukunin farko na ƙasa a 2019 ta faɗo a 2021. Ƙungiya guda a saman jiha mai ƙananan hukumomi 27 ba za ta iya zama makarantar yara ba, ko da ba ta faɗo ba.

Gurbin da makaranta ta bari, abubuwa uku suka shige shi. Na farko makarantun ƙwallo masu zaman kansu, irin makarantar Pepsi wadda Kashimawo Laloko ya kafa a 1992, amma waɗannan a manyan birane suke. Na biyu gidajen kallon ƙwallo, waɗanda suka bazu daga farkon shekarun 2000 har garuruwan karkara, suka sa yaro ya san 'yan wasan Ingila da Sifen fiye da na jiharsu. Na uku ƙungiyoyin 'yan dagaji, waɗanda galibi wani matashi mai sha'awa ne yake riƙe da su da aljihunsa, ba tare da an taɓa koya masa yadda ake horar da yara ba. Abin da ya gani a talabijin shi yake gwadawa: ya jera yara 'yan shekara goma a babban fili, ya sa su zagaye har su gaji, sa'an nan a buga na manya. Gasar da suke samu ita ce ta kofin da wani mai hali ko ɗan siyasa ya sa, wadda ake yi bisa tsarin wanda aka ci ya fita, watau rabin ƙungiyoyin sun gama tasu shekarar daga wasa ɗaya.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gano

Abin mamaki shi ne, a lokacin da 'yan dagaji suke barin ƙaramin fage suna kwaikwayon babba, ƙasashen da ake kwaikwayo komawa suke yi ga ƙarami. Tun 1930 wani malami mai suna Juan Carlos Ceriani ya tsara wasan mutum biyar-biyar a birnin Montebidiyo na Yurugwai, wasan ya bazu zuwa Burazil, inda manyan 'yan wasa da yawa suka tashi a kansa. A 2012 hukumar ƙwallon Ingila ta zartar cewa 'yan shekara bakwai da takwas su riƙa buga biyar-biyar, masu tara da goma bakwai-bakwai, masu sha ɗaya da sha biyu tara-tara. Dalilin a fili yake. Babban fili yana kai mita 105 a tsawo da 68 a faɗi, raga kuma mita 7.32 ce a faɗi da 2.44 a tsayi, dukkansu an auna su ne da jikin baligi. In aka raba sa'a guda tsakanin yara 22, rabon kowa bai kai minti uku ba. In yara takwas ne, rabon kowa minti bakwai da rabi ne. Fili guda kuma in an yanka shi huɗu zai ɗauki yara arba'in suna buga biyar-biyar a lokaci ɗaya.

Jamus ta ƙara da ɗaya rabin. Bayan ta sha kashi a gasar Turai ta 2000, hukumarta ta buɗe cibiyoyin horo sama da 350 a faɗin ƙasar daga 2002, aka sa masu horarwa masu takardar shaida suna karɓar yaran yankinsu sau ɗaya a mako, yaro yana zaune a gidan iyayensa, yana kuma buga wa ƙungiyar garinsu. Ta ci Kofin Duniya a 2014. Kuɗin Jamus ba abin kwatantawa ba ne da na ƙaramar hukuma a Jigawa, amma ƙa'idar da aka bi ba ta da tsada: malami ne yake zuwa inda yaro yake.

In aka ɗora wannan ƙa'ida a kan Birnin Kudu da Gwaram, za a ga yawancin kayan aikin suna nan. Akwai filin firamare a kusan kowace mazaɓa. Akwai Kwalejin Ilimi a Gumel da take horar da malamai, akwai sassan koyar da ilimin motsa jiki a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, hukumar ƙwallon Afirka kuma tana da takardun shaidar horarwa mataki-mataki, har da na masu farawa. Mai horarwa guda ƙwararre a kowace ƙaramar hukuma, wanda aikinsa shi ne ya zagaya gari-gari yana koyar da malaman firamare da masu riƙe da 'yan dagaji, zai taɓa yara fiye da yadda kofi goma za su taɓa. Ya kamata kuma kakar wasan ta bi kalandar manomi, a fara bayan girbi a rufe kafin shuka, a yi ta bisa tsarin kowa ya gamu da kowa tsakanin garuruwan da ke kusa da juna, yadda kuɗin mota ba zai kashe ta ba.

Akwai kuma batun rajista. Dokokin FIFA sun hana a sayar da yaro ɗan ƙasa da sha takwas zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa, sun kuma tanadi cewa in aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin za a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Ƙungiyar da ba ta da rajista, ba ta kuma rubuta sunayen yaranta ba, ba ta da hanyar neman wannan haƙƙi. Littafin da malamin firamare zai riƙe, mai ɗauke da sunan yaro da shekarar da ya shiga aji ɗaya, zai maye gurbin sanin da gari yake yi wa tsara a dā, ya kare yaro daga mai ƙaryar shekaru, ya kuma kare iyaye daga dillalan bogi masu karɓar kuɗi da alkawarin kai yaro Turai.

Kammalawa

An ga yadda wasannin dandali suka ginu a kan ƙaramin fage da haɗa tsara da tsara da kuma mai lura, yadda makaranta ta kawo ƙwallo tare da malaminsa, da yadda aka mayar da hankali ga kofuna tun daga shekarun 1970 aka bar malamin a baya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da ƙafar yaro take koyon sarrafa ƙwallo su ne shekarun da yake firamare a garinsu, tun kafin wani mai neman 'yan wasa daga Kano ko Dutse ya ji labarinsa. Saboda haka aikin yana wuyan hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin biyu da hukumar ƙwallo ta jiha. Ga masu nazari kuma akwai aikin da yake jira: tsofaffin malaman wasanni da tsofaffin ɗaliban makarantun wannan yanki suna nan da ransu, kuma ya kamata a ɗauki bayanansu a rubuce tun suna iya bayarwa.